Ga ƙannena masu shirin zurfafa karatu kan al'ummar Sin

Lokacin da na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa a wata jami'a da ke kudancin ƙasar Sin, na tafi da amsata a shirye tun kafin in yi tambayar. Abin da na ƙuduri aniyar bincika shi ne rayuwar Sinawa 'yan ci-rani da suka baro ƙauyukansu suka zo Guangzhou, suna aiki a shaguna da ɗakunan ajiyar kaya na unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, inda duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya ya san ana jin Hausa a bakin titi. Na riga na yanke hukunci a zuciyata cewa ƙunci kaɗai ne rayuwar waɗannan bayin Allah, kuma aikina shi ne in tattaro shaida. Duk tuntuɓen da na yi daga baya a nan ya samo asali, shi ya sa nake rubuto muku wannan tun kuna gida.

Ku ɗauki harshe da muhimmancin da ya wuce na cin jarrabawa. Na ci mataki na huɗu na jarrabawar HSK ta gwada ƙwarewa a Sinanci, na ɗauka na ƙoshi, alhali Sinancin da ake gwadawa a can daidaitacce ne, irin na makaranta da gidan rediyo. 'Yan asalin Guangzhou da Kantonanci suke hira, ma'aikatan da suka fito daga Hunan da Sichuan da Guangxi kuma kowa da karin garinsu idan sun keɓe. Da na ga ba na fahimta sai na ɗauki wani ɗalibi ɗan birni ya zama tafintana. Ina tuna wata mata mai naɗe kwalaye da salatif, zaune a kan ƙaramar kujerar roba a bayan shago, kwanon shinkafarta a kan cinya. Na tambaye ta game da iyalinta, ta yi magana mai tsawo idonta a ƙasa, har abincin ya huce. Tafintan ya juyo ya ce mini: "Ta ce lafiya lau, aiki ne dai da yawa." Haka na rubuta. Sai bayan wata bakwai, da kunnena ya ɗan buɗe, na sake sauraren faifan tare da wata 'yar lardinsu, na gane cewa labarin ɗanta take ba ni, wanda ta bari a ƙauye wurin kakarsa, ba ta ganinsa sai a hutun sabuwar shekara. Ba na zargin tafintan da mugun nufi. Ya ga baƙo daga wata ƙasa, ya ga 'yar ƙasarsa tana buɗe cikinta, sai ya rufa mata asiri. Sinawa suna kiran abin da ya kare mianzi, wato fuska ko mutunci, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin wannan hali. Laifina ne da na miƙa kunnuwana ga wani. Idan dole ta sa kuka yi aiki da tafinta, ku naɗi magana da izinin mai ita, ku sa wani daban ya rubuta ta kalma bayan kalma, kuma ku yi hakan a makon da aka yi hirar.

Maganar matar nan ce ta kai ni ga abin da ya kamata in fara da shi, wato tsarin rajistar iyali da ake kira hukou, wanda aka kafa dokarsa a 1958. Wannan rajista tana ɗaure mutum da garin da aka rubuta shi, kuma a can ne yawancin haƙƙoƙinsa na makarantar gwamnati da tallafin jinya suke da sauƙin samu, ko da ya shekara goma yana aiki a wani birni. An sassauta tsarin a wurare da dama, amma har yanzu yana raba iyalai gida biyu, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 376 ne ke zaune nesa da inda rajistarsu take. Rashin sanin wannan ya sa na tafka kuskure a gaban malamina. Na ɗauko yawan mutanen Guangzhou daga wani littafin ƙididdiga, ban lura ba cewa alƙaluma iri biyu ne: na masu rajistar birnin, waɗanda a 2020 ba su kai miliyan 10 ba, da na mazauna da suka yi wata shida ko fiye, waɗanda suka haura miliyan 18. Na yi amfani da na farko, sai ga shi na share mutanen da na zo nazari a kansu daga lissafina. Malamin ya zagaye lambar da jan biro, ya tambaye ni su wa aka ƙirga a ciki, na rasa ta cewa. Kafin ku kwafi kowace lamba daga takardar hukuma, ku karanta ƙananan bayanan da ke ƙasan jadawalin, ku san wa aka ƙirga, wa aka bari, kuma a wace shekara aka sauya ma'anar rukunin.

Na kuma yi sakaci da masanan ƙasar kansu. Shekarata ta farko na ƙarar da ita kan abin da Turawa suka rubuta da Ingilishi, saboda ya fi mini sauƙi, ban buɗe rumbun maƙalun masanan Sin na intanet mai suna CNKI ba sai a makare. Da na karanta Fei Xiaotong, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Sin, da wuri da na huta da wahala mai yawa. A 1936 ya zauna a ƙauyen Kaixiangong na lardin Jiangsu, inda yayarsa ke aikin inganta sana'ar siliki, kuma amanar da mutane suka ba ta ce ta buɗe masa ƙofofi. Daga wannan zama ya rubuta kundinsa a Landan ƙarƙashin Malinowski, masanin nazarin al'adun ɗan Adam, aka buga shi a 1939. Fei ne ya kwatanta zumuncin Sinawa da da'irorin da ke bazuwa idan an jefa dutse cikin ruwa, mutum a tsakiya, nauyin da ke kansa yana raguwa gwargwadon nisan dangantaka. Ni kuwa na shigo daga can bayan da'irar ƙarshe, ina raba takardar tambayoyi ga mutanen da ba su san ni ba, ina kuma neman su sa hannu. Da yawa sun ƙi, kuma suna da gaskiya, domin sa hannu a takardar baƙo abin tsoro ne ga wanda zamansa a birni ba shi da tabbas. Sai da wani ɗan kasuwa Bakano da ya daɗe yana sari a wurinsu ya gabatar da ni a matsayin ƙaninsa, na yi makonni ina taya ɗaukar kaya ina shan shayi tare da su, sannan aka fara yi mini magana ta gaskiya. Ku nemi izini da baki idan jami'arku ta amince, ku sauya sunaye tun daga littafin da kuke rubutu a fili, kada kuma ku yi hira mai nauyi ta WeChat, manhajar saƙonnin waya ta Sin.

Masu son tarihi su sani cewa an rufe sassan nazarin zamantakewa a jami'o'in Sin a 1952, ba a farfaɗo da fannin ba sai 1979, don haka akwai giɓi da sai an cike shi da kundayen tarihin gundumomi da ake kira difangzhi da takardun gidajen adana tarihi. Na taɓa yin doguwar tafiya a jirgin ƙasa zuwa wani irin wannan gida ba tare da wasiƙar gabatarwa mai hatimin jami'a ba, na dawo hannu rabbana. Tsofaffin takardun kuma da tsohon salon rubutu suke, na kafin sauƙaƙawar da aka fara a 1956, sai an koye shi daban.

Da na koma wurin matar nan ba tafinta, na ba ta haƙuri na ce a karon farko ban ji abin da ta faɗa ba. Ta ciro wayarta ta nuna mini hoton ginin bene biyu da take yi a ƙauye da kuɗin kwalayen nan, ta ce saura rufi, kuma yaron ya shiga sakandare. A daren na soke taken kundina, na rubuta sabuwar tambaya: yadda iyali ɗaya ke raba kuɗi da tarbiyya da kula da tsofaffi tsakanin ƙauye da birni. Sauyin ya ƙara mini zango guda na karatu, kuma da wannan tambaya na kammala.