Asabar a ƙarƙashin motar Baba

Da na fito bayan sallar asuba, abu na farko da na duba shi ne kwalin da na shimfiɗa jiya a ƙarƙashin motar. Ɗigo uku ne, baƙi wuluk, ɗaya ya kai faɗin tafin hannun jariri. Sai na ji gabana ya faɗi. Mako uku ke nan da gama yi wa injin garambawul: sababbin ringi, an wanke karanshaf, an sake bearin, komai sabo. Wata bakwai ina tara kuɗin aikin nan, ga shi kuma tana zubar da baƙin mai a tsakar gida.

Peugeot 504 ce, ta marigayi Baba, haɗin nan Kaduna. Kamfanin da ke Kakuri ya fara haɗa motoci a 1975, ita kuwa 504 tun 1968 aka fito da ita a Faransa. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1971, a kishingiɗe yake gefe guda. A cikinta aka kai ni makarantar kwana ranar farko, akwatina na ƙarfe a but. Shi ya sa duk mai cewa in sayar in huta, ba na ma tsayawa amsa masa.

Ƙarfe takwas na kai ta garejin dattijon da ya taya ni haɗa injin. Tsoron da na kwana da shi na faɗa masa tun kafin mu gama gaisawa, wato kada ya zama daga bayan karanshaf man yake fitowa, don in haka ne sai an sauke giyabos.

Ya ce, "Ɗana, mai ba ya hawa sama. Inda ka gan shi ba lallai nan ya fito ba. Wanke mana ita tukuna."

Muka hau da ita kan rami. Na wanke ƙasan injin da kalanzir, na goge da tsumma har ya bushe, don ƙurar hunturu ta riga ta haɗu da man ta zama kamar kwalta. Ya aiki yaronsa ya sayo hodar jarirai, ya barbaɗe gefen injin tun daga murfin sama har ƙasa. Muka tayar, muka bar ta tana aiki kamar minti ashirin. Sama fes, wajen filta fes, bayan inji fes. Can sai ga wani siririn layi ya ɓullo a cikin farar hodar, daidai bakin botom filet, wato farantin ƙasan inji da mai ke taruwa a cikinsa, tsakanin kusoshi biyu, yana tafiya a hankali kamar tururuwa. Na yi hamdala a fili.

Ya ce, "Wa ya ɗaure wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ni ne kuwa. Ranar da muke haɗawa ya tafi jana'iza, na ce bari in rage masa aiki. Na shafa jan gam sama da ƙasa, na ɗaure kusoshin iya ƙarfina, a tunanina ƙarfi shi ke hana yoyo. Da na ga ɗigon farko a makon jiya ma, ƙara matsewa na yi.

Muka juye man a roba mai tsabta, na kwance filet ɗin. Abin da na gani ya dame ni fiye da yoyon. Gasket ɗin, wato shimfiɗar da ke tsakanin filet da inji don hana yoyo, irin na ɓawon itacen nan ne mai laushi, ya tsage a wuri biyu, ya tumbatso waje kamar ƙullin da aka danne da faifai. Gam ɗin kuma da ya matso ta ciki ya bushe ya zama zare-zare, wasu har sun tsinke sun manne a ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, jajaye, kamar guntayen taliya. Da sun toshe ragar nan, mai ya daina isa bearin, da injin da na yi wata bakwai ina wa tanadi ya ƙone a hanyar Zariya ban san dalili ba. Na daɗe a tsugune da su a tafin hannuna.

Dattijon ya kifa filet ɗin a kan benci, ya ɗora ƙarfen awo a leɓensa, ya ce in duƙa in kalla ta wajen haske. Kowane ramin kusa ya turo sama kamar ɗan tudu, tsakaninsu kuma haske na wucewa. Farantin ƙarfe ne marar kauri. In ka matse fiye da kima, wajen kusar ne kaɗai ke cizon gasket, tsakiya ta saki. Ya sa guntun ƙarfe mai faɗi a ƙasa, ya riƙa bugun kowane rami da ƙaramar guduma, tas, tas, ba gaggawa, yana bugu yana aunawa. Ya fi rabin awa a kan wannan kaɗai. Ni dai a ganina nan ne gyaran yake, sauran duk ɗauri ne.

Na hau Keke zuwa Fanteka na samo sabon gasket, na biya na sayi galan ɗin mai 20W-50, na dawo ana kiran azahar.

Bayan salla muka kankare tsohon gam daga jikin injin har ƙarfe ya fito, muka goge da fetur. Wannan karon ɗan gam kaɗan ya shafa a gefen filet kawai, don gasket ya zauna kada ya goce. Ya sa na ɗaura duk kusoshin da hannu tukuna, sannan ya miƙo mini sifana.

"Kama ta kusa da kanta, da yatsu uku. Fara daga tsakiya, ka tsallaka ɗaya gefen, ka dawo. Zagaye uku za ka yi. Da ka ga gasket ya fara motsi, tsaya."

Hannuna yana so ya ƙara, na hana shi. Ya kuma cire tiyon numfashin injin ya busa, ya tabbatar ba a toshe yake ba, don in iska ta taru a ciki, ita ma tana turo mai ta duk inda ta samu. Muka zuba lita huɗu, muka sake barbaɗa hoda, na zagaya da ita har Kawo na dawo. Hoda fara tas.

Ya ƙi karɓar kuɗi. Wai aikin da aka riga aka biya ne. Na saya wa yaronsa abinci, na bar masa na sabulu. Ya ce in dawo Asabar mai zuwa a ɗan taɓa kusoshin, saboda irin wannan gasket yana kwanciya in ya sha zafi.

Da na shigo gida Hajiya tana kan tabarma, ta ce tun daga kwanar layi ta gane ƙarar, haka take jin shigowar Baba. Na shimfiɗa sabon kwali. Yanzu bayan isha'i na fita da tocila na leƙa, babu ko ɗigo. Na ɗora dutse a gefensa kada iska ta ɗauke shi kafin asuba.