Kindirmo marar sukari don iyayenmu na Nima

Sana'ata nono ce. Ina da ɗan wurin aiki a unguwar Nima cikin birnin Accra na ƙasar Ghana, ni da 'yan matan da ke taya ni, muna yin kindirmo da burkina (abin sha na nono da gero) da fura, muna kai wa shaguna a Mamobi da Madina. Ɗanyen nonon daga rugagen Fulani na wajen Ashaiman da Dodowa yake zuwa mana cikin jarkoki da sassafe. Da damina akwai shi a wadace. Da rani kuwa, in shanu suka rame, dole mu haɗa da madarar gari ta buhu, wadda daga waje ake shigo da ita, kuɗinta kuma yana bin dala duk inda ta nufa.

Duk jarkar da ta shigo sai an tace ta da farin ƙyalle, sannan a ɗora a wuta. Nakan tsoma ma'aunin zafi har ya kai digiri 85 na ma'aunin Celsius, a bar shi haka minti 30 ana juyawa don kada ya kama gindin tukunya, sai ya huce zuwa 43 in zuba masa kindirmon jiya ya kwanta. Wasu na cewa dafuwa tana rage wa nono garɗi. Na ji, amma ɗanyen nono yana iya ɗauko tarin fukan shanu da wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, jikin tsoho kuma ba ya jure irin wannan.

Tsofaffin ne suka fi tsaya mini a rai. Wani saurayi da ke saya wa mahaifinsa ya taɓa tambayata: "Hajiya, da gaske nono yana maganin mantuwa? Baba sai ya tambayi abu ɗaya sau uku." Na ce masa, "Ɗana, fara kai shi asibiti a auna jininsa, sannan ka dawo ka karɓi kindirmon."

Dalilina shi ne bitamin B12. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba sa aiki daidai in babu shi, kuma ba a samunsa a koko ko tuwo, sai a nama da kifi da ƙwai da nono. Babban mutum yana buƙatar maikurogiram 2.4 a rana, kofin madara ɗaya kuma yana ba da kusan rabin haka. To, tsohon da haƙoransa suka zube ya bar nama, koko da safe, koko da dare. Ga shi tsufa yana rage wa ciki ƙarfin tsotse wannan bitamin, haka ma maganin metformin ga wanda ya daɗe yana shansa saboda ciwon sukari. In ya yi ƙaranci sai ka ga mantuwa da ruɗewa da tangaɗi, tafin ƙafa yana tsikara kamar ana soka allura. Gwajin jini yana nuna shi, likita kuma yana da allura da ƙwayar da ke gyara shi. Kindirmo ba ya neman haƙori, kuma tsaminsa ya riga ya cinye wani kaso na sukarin madara mai kumbura ciki. Amma cutar Alzheimer, mai lalata ƙwaƙwalwa ta kawo mantuwa, nono ba ya warkar da ita, ba kuma zan rubuta haka a jikin robata don in ƙara ciniki ba.

Abin da ke damuna sukari ne. Matasa suna son burkina ta yi zaƙi zaƙwai, sai kuma a sayi irinta a kai wa kaka mai hawan jini da ciwon sukari, alhali su biyun nan suna lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa na ware na tsofaffi daban, farin murfi, ko ƙwayar sukari babu.

Ba ya tafiya da sauri a shago, in aka yi dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, kuma shi ne nake fara kwashewa daga firij da asara. Yanzu sai an yi oda nake yinsa: a kira ni ranar Alhamis, a zo a karɓa bayan an sauko Juma'a.