Tayar raksha ce kawai

Gadarif, Sudan, Litinin da dare.

An ɗauke wuta tun la'asar. Yara sun yi barci a kan angarib, gadon igiya, a tsakar gida, ni kuwa da hasken waya nake rubutu, don na san ko na kwanta idona biyu.

Da hantsi na shiga kasuwa sayen garin kisra (wainar dawa mai faɗi) da busasshiyar kuɓewa. Kakar riɗi ce, ko'ina manyan motoci da 'yan dako. Ina cikin ciniki sai tayar wata raksha, babur mai ƙafa uku, ta fashe a bayana. Wallahi ban san lokacin da na durƙusa ba. Sai ganina na yi a ƙarƙashin teburin mai tumatir, na toshe kunnuwa, kuɗin cefane a watse a ƙasa. Wani yaro ya tsince su ya miƙo min yana cewa, "Inna, taya ce kawai." Na karɓa, na gyara mayafina, na ce jiri ne ya ɗebe ni. Har na iso gida gwiwoyina ba su daina rawa ba.

Ba yau aka fara ba. Tun da yaƙi ya kore mu daga Madani a Disambar 2023 barcina bai koma daidai ba. Mun fake a Mai Wurno wurin dangin babana, muna cewa an tsira, sai Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, muka sake ɗaukar yara cikin ruwa da taɓo ta hanyar Dindir zuwa nan. A wannan tafiyar ce, a wani shinge, na ga abin da masu bindiga suka yi wa ƙanena. Yana raye, alhamdulillah. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Tun Janairun 2025 mutane ke komawa Madani, maigida ma ya fara lissafin kuɗin mota, ni kuwa da an ambaci hanya sai cikina ya murɗa.

Gwaggo ta lura da ni tun daga ƙofa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ta zuba min jabana, kofi mai citta, ta saurara, sannan ta ce, "'Yata, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Kakanninmu daga Burmi, can Najeriya, suka tako da ƙafa bayan yaƙin 1903 har bakin kogin Nilu a Mai Wurno, sun binne 'ya'ya a hanya, wa suka kai wa ƙara? Annabi Yakubu ma ga Allah ya kai kukansa." Ta ce gobe za ta karɓo min rubutu wurin malam.

Ban musa mata ba, kuma ba zan ƙi rubutun ba. Azkar da karatu su suka riƙe ni har yau. Amma da na idar da azahar na buɗe Suratu Yusuf, na daɗe a kan aya ta 84, inda idanun Annabi Yakubu suka yi fari saboda baƙin ciki. Annabi ne, kuma baƙin ciki ya taɓa jikinsa har 'ya'yansa suka gani suka yi magana. Ashe ba raunin imani ba ne jiki ya nuna abin da zuciya ta ɗauka. Wannan ya sanyaya min rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Da yamma maƙwabciyata, wadda muke kira Sista, ta leƙo aron rariya. Ma'aikaciyar jinya ce, daga Umdurman ta gudo. Labarin kasuwa ya riga ni zuwa unguwa. Ta zauna a bakin tabarma ta ce a ƙaramin asibitin da take aiki akwai wata mai ba da shawara kan damuwa, tana zama ranar Talata, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake tsayawa. Ta ce firgita da mugun mafarki da gudun duk abin da ke tuna maka da abin da ya faru, in sun wuce wata guda suna hana mutum sukuni, ciwo ne da likitoci suka sani, yana da suna, yana da magani, kuma sau da yawa da zama a yi magana ake farawa, ba da ƙwaya ba. Na ce, "Sista, so kike a ce matar wane ta haukace?" Ta ce hauka daban, damuwa daban. Ta ba ni labarin Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Umdurman ke ɗauke da sunansa: bai raina malamai da shehunnai ba, tare ya yi aiki da su. "Ki sha rubutun Gwaggo," in ji ta, "ki kuma zo."

Tana cikin magana na gane ba surutun unguwa ne ya fi tsorata ni ba. Bakina nake tsoro. Ni ko ciwon kai nake sai an tambaye ni sau uku kafin in amsa. An raine mu a kan "lafiya lau" da "sai godiya". To in na zauna gaban baƙuwa ta ce me ke damuna, da wane harshe zan fara? Da Larabci abin yana min kamar labarin wata. Da Hausa kuwa ya yi kusa da yawa, maƙogwarona yake shaƙewa. Kuma ina tsoron in na buɗe baki kuka ya ƙwace min, in kasa tsayar da shi, alhali akwai yara huɗu da ke jiran abincin rana.

Na faɗa wa Sista haka kafin ta fita. Ta ce ba dole ne in ba da labarin shingen a zaman farko ba, ko a na biyu. Zan iya cewa ba na barci, in tsaya a nan.

Ɗazu na yago takarda daga littafin lissafin babbar 'yata, na rubuta layi uku da Larabci: ba na barci fiye da awa biyu ko uku, ƙara tana firgita ni, akwai abin da na gani wanda ban iya faɗa ba tukuna. Na ninke ta na sa a jaka, kusa da katin rabon abinci. In baki ya ƙi, hannu zai miƙa.

Saura maigida. Yana gonar riɗi, sai Alhamis zai dawo. Na rubuta masa saƙo a WhatsApp sau biyu ina gogewa. Na uku na tura: "Gobe zan je asibiti wurin Sista, maganar barcin nan ce." Alama ɗaya ta nuna, can babu sabis. Sista ta ce ƙarfe takwas za ta ƙwanƙwasa ƙofa, na ce mata in ta ji shiru ta ƙara bugawa.