Tsohuwar bindigar soja: me ke sa ta tsada a gwanjo?

Labarin tsoffin ƙananan bindigogin yaƙin duniya da ake sayarwa a gwanjon Amurka da Turai yakan zaga Facebook, kuma nan Jos akwai gidajen da kakanninsu suka je yaƙin Bama (Burma), don haka tambayar takan taso: nawa irin wannan za ta yi? Amsar ita ce tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Ƙaranci da asali su ke sa kuɗi.

Ɗauki Colt M1911A1 ta sojan Amurka. A yaƙin duniya na biyu kamfanoni biyar suka ƙera ta. Remington Rand ya yi ɗaruruwan dubbai, shi ya sa tasa ba ta da wuyar samu. Kamfanin Singer kuwa, mai keken ɗinki, guda 500 kacal ya yi, kuma a 2017 an sayar da ɗaya a gwanjon Rock Island kan dala 414,000. Siffa ɗaya, harsashi ɗaya, sunan da aka buga a jiki ne ya raba su.

Luger P08, wadda sojan Jamus ya karɓa a 1908, ita ce ta fi koya wa mutum abin da masu tara tsoffin bindigogi ke dubawa. An buga cikakkiyar lamba a gangar jiki da bututu, sannan lambobi biyu na ƙarshe a ƙananan sassa. Mai saye zai bi su ɗaya bayan ɗaya. In sashe guda ya saɓa, an san an yi mata aro daga wata, farashi ya faɗi. In har gidan harsashin ma lambarsa ta dace, farashi ya ɗaga sosai, domin a fagen daga shi ne ake fara musanyawa ko a yar. Daga nan sai tambarin masana'anta, kamar DWM ko "byf" na Mauser, sai takardar da ke nuna wanda ya riƙe ta.

Abin da ya fi ɓata daraja shi ne gyara, kuma wannan yana ba ni takaici. Mutum ya ga tsatsa, ya sa sanfefa, ya goge, ya sake baƙanta ƙarfen. Ta yi ƙyalli, amma kaifin gefuna ya tafi, tambari ya dushe, gwani kuma kallo ɗaya zai gane. Cikin bututu ma ana haskawa, domin harsasan zamanin suna barin gishirin da ke jawo laima ya ci ƙarfe. Libarbar Webley Mk VI ta sojan Ingila, ƙirar 1915, da yawa an aske bayan gangar harsashinsu a Amurka don su ɗauki harsashin .45 maimakon .455 na asali, kuma wadda aka aske ba ta kama ƙafar wadda ba a taɓa ba.

To, duk wannan kasuwar ƙasashen waje ce. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, har da masu ƙanƙara irin na da, kuma lasisinsu daga shugaban ƙasa yake fitowa. Dokar ba ta ce tsohuwa daban ba. Wanda ya tsinci irin wannan a akwatin marigayi kada ya nemi dillali, kada ya sa hotonta a intanet yana neman tayi, kada kuma ya ja kunama don gwaji, domin harsashi na iya kwana a ciki shekara da shekaru. Ya bar ta inda take, ya sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka.

Lambobin yabo, littafin sallama daga soja, hotuna da wasiƙu, waɗannan iyali su riƙe. A sa takardun a busasshen wuri nesa da gara, kada a manna musu salatif, lambobin kuma kada a goge su da man goge ƙarfe. Mai son ganin makaman da idonsa, Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa yana Umuahia.