Mai riƙe bakin buhu: abin da na koya game da sitiroyid a cikin ƙwayar halitta

Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibitin karkara a Jigawa ya san deksa da firednisolon. Ƙwayoyi ne ƙanana masu arha, kusan kowane kemis yana da su, daga Ringim har ƙauyukan Taura. Muna ba mai asma idan numfashi ya sarƙe, muna ba wanda jiki ya kumbura. Yadda suke aiki a can cikin jiki kuwa, sai da na koma karatun sinadaran jikin ɗan Adam na fahimce shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, maganin ba ya taɓuka komai sai ya tarar an riga an shirya masa wurin sauka.

Waɗannan magunguna, da ake kira sitiroyid, kwaikwayon kotisol ne, homon (sinadarin da ke kai saƙo a jiki) ɗin da wasu 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda suke samarwa daga kolestarol. Da yake dangin mai ne, yana ratsa fatar ƙwayar halitta ya shige ciki. A can akwai wani furotin da ke jiransa, shi ne makarɓi. Idan suka haɗu, sai makarɓin ya wuce cibiyar ƙwayar, ya hau kan DNA, ya kunna wasu umarni, ya kashe wasu, musamman masu hura wutar kumburi. Dangin kotisol, wato homon na maza da na mata da mai kula da gishirin jiki, kowanne da nasa makarɓin.

To, makarɓin ba shi kaɗai yake zaman jira ba. Yana rungume ne a jikin wani furotin da ake kira Hsp90, ɗaya daga cikin furotin na zafi. Tarihinsu ya faro a 1962, lokacin da wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa idan aka ƙara wa ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace zafi, wasu wurare a ƙwayoyin gadonsu suna kumbura, alamar sun kama aiki gadan-gadan. A 1974 aka gano furotin ɗin da ake ƙerawa a irin wannan hali. Aikinsu shi ne tallafa wa sauran furotin kada zafi ya warware musu siffa su dunƙule. Mu da muke shan ranar Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya kamata mu san da zamansu. Sai dai ko babu zafi suna nan: Hsp90 kaɗai ya kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na furotin da ke cikin ƙwayar halitta.

A 1985 ne masana a Faransa ƙarƙashin Étienne-Émile Baulieu, da kuma William Pratt da David Toft a Amurka, suka tabbatar cewa abin da ke manne da makarɓan sitiroyid Hsp90 ne. Fahimtar farko ita ce mai gadi ne, ya tsare makarɓin kada ya je kan DNA kafin homon ya iso. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce gundarin maganar ba. Da aka raba makarɓin kotisol da Hsp90, sai aka ga ya kasa karɓar homon ɗin gaba ɗaya. Gurbin da kotisol ke shiga yana can ƙuryar furotin ɗin, kuma idan aka bar shi da kansa rufewa yake yi. Wanda ya taɓa awon gero ranar kasuwa ya san cewa ko mudu ya cika, idan babu mai riƙe bakin buhu, hatsin a ƙasa zai zube. Aikin Hsp90 ke nan. Yana riƙe gurbin a buɗe har baƙon ya shiga.

Kuma shi ma ba shi kaɗai ba ne. Wasu furotin na zafi biyu, Hsp40 da Hsp70, ne ke fara kama makarɓin, sai wani mai suna Hop ya miƙa shi ga Hsp90, wanda ke rufe hannuwansa biyu a kansa da taimakon ATP, makamashin ƙwayar halitta. Daga nan wani furotin, p23, ya zo ya ƙara ɗaure haɗin. Wani bincike da aka yi a ɗakin gwajin David Agard a San Faransisko a 2014 ya nuna cewa Hsp70 yana ɗan warware makarɓin har ya saki homon, shi kuma Hsp90 ya maido shi yadda zai iya karɓa. Haka ake ta juyawa ba tsayawa, ana ƙona makamashi, don kawai makarɓin ya zauna cikin shiri. Wannan ya girgiza ni ƙwarai. Jiki yana kashe ƙarfi dare da rana a kan saƙon da bai iso ba tukuna. Hujja mafi ƙarfi ta zo daga jeldanamaisin, sinadarin da ake samu daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa: idan ya toshe gurbin ATP na Hsp90, makarɓin ya daina karɓar homon, ƙwayar halitta kuma ta markaɗe shi.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu da ke hawa kan Hsp90, FKBP51 da FKBP52, masu kama da juna amma halinsu ya sha bamban. Na farkon yana rage wa makarɓin kaifin karɓa. Na biyun yana ƙara masa, kuma yana haɗa shi da dainin, injin da ke jan kaya zuwa cibiyar ƙwayar. Kotisol da kansa yana sa a ƙera ƙarin FKBP51, wato ƙwayar tana taka wa kanta burki idan saƙo ya yi yawa. Wasu ƙananan birai na Kudancin Amurka suna yawo da kotisol mai yawan gaske a jininsu ba tare da ya cutar da su ba, kuma yawan FKBP51 na cikin dalilan hakan.

Wannan sani ya canza yadda nake magana da masu zuwa wurinmu. Ana kawo mana 'yan mata masu shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki, da matan da suka daɗe suna shafa man bilicin mai sitiroyid. Fuska ta kumbura, sukari da hawan jini sun tashi, fata ta yi laushi tana tsagewa. Raina yana ɓaci sosai idan na gan su, domin babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani. Irin wannan makarɓi yana cikin kusan kowace gaɓa, a ƙashi, a hanta, a ƙwaƙwalwa, kowanne a buɗe yana jira. Ƙwayar da aka haɗiya don kumatu ba ta san kumatu ba, ko'ina take sauka.

Uwar wata yarinya mai shan irin wannan magani ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, ai daga yau ta bar shi ke nan." Na ce mata, "A'a Iya, kada ta yanke lokaci ɗaya." Makarɓan da ke ƙwaƙwalwa sun daɗe suna jin maganin, sun ɗauka kotisol ya wadata, don haka sun daina aika umarni ga ƙullutan saman ƙoda, su kuma sun yi barci. Idan aka tsayar da maganin kwatsam, jini na iya faɗuwa, ga amai da kasala, har ta kai ga rasa rai. Sai an rage shi sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita, makonni ko watanni gwargwadon daɗewar shan, kafin ƙullutan su farka su ci gaba da aikinsu.