Daga Puwebla: wai kaza da cakulan

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya, ya zafi ya ƙoƙari.

Tun ranar da na sa hoton farantin nan aketa min tsiya, wani har cewa yayi zaman waje ya taɓa min kai, wai kaza da cakulan sai kace abincin yaye. To bari in wanke kaina.

Sunan abun mole poblano, miya ce ta nan garin Puwebla a ƙasar Meziko, kuma kalmar mole ɗin ma daga yaren Nahuwatil na mutanen Aztek, 'yan asalin ƙasar, take, ma'anarta miya kawai. Ba zaƙi gareta irin na alawa ba. Nima farkon da aka ajiye min ita, baƙa-baƙa mai kauri an barbaɗa riɗi a sama, saida na ja baya. Da na kai loma ɗaya abinda ya faɗo min a rai miyar gyaɗa ce da ta daɗe a wuta, ga yaji a ƙasa-ƙasa, ga ɗan ɗaci, ga ƙamshin kanumfari. Cakulan ɗin sai ka nemeshi ma. Aikinsa a tukunyar kamar na daddawa ne a wajenmu, kaɗan ake jefawa can ƙarshe, ya zaunar da miyar ya kashe kaifin barkono.

Barkonon shine uban tafiyar. Busasshe ne kala uku, ancho da mulato da pasilla, manya kamar tattasai amma baƙaƙe a yamutse. Matar da nake haya a gidanta, dattijuwa ce, ita ta koya min, muka wuni a kicin. A cire 'ya'yan, a ɗan gasa, a jiƙa a ruwan zafi. Sannan a soya gyaɗa daban, riɗi daban, zabibi, agada nunanna, albasa, tafarnuwa, tumatir, har busasshen burodi da tsohuwar wainar masararsu da suke kira tortiya dan miyar tayi jiki, ga kirfa da masoro, kayan sunfi ashirin wallahi tun ina ƙirgawa har na bari. Da a dutsen niƙa suke yi, yanzu kuwa bokiti muka ɗauka zuwa wajen mai injin markaɗe muka bi layi, sai naji kamar ina unguwarmu an aikeni.

Ni aka bari da gashin barkono, na tsaya duba waya minti ɗaya, ya ƙone. Hayaƙi ya turnuƙe gidan kowa na tari har karen maƙwabta, ta ƙwace cokalin ta zubar da shi duka, tace in ya ƙone ɗacin baya fita ko me ka zuba. Bayan markaɗen kuma sai juyi, ana tsarma romon kaza ana juyawa kusan awa biyu kar ya kama.

Abu ɗaya da duk musulmin da zai zo nan ya kamata ya sani, da yawansu da man alade suke soya kayan, dan haka ka tambaya kafin ka ci. Ni da man gyaɗa mukayi, kazar ma mai rai na siyo na yanka da kaina a bayan gida, tana tsaye tana kallona. A biki ma talotalo suka fi sawa. Suna da labarin wai matan zuhudu na Kirista a gidan ibadar Santa Rosa ne suka ƙirƙirota dan wani babban baƙo, amma tun kafin zuwan Turawan Sifen mutanen nan na dafa miyar barkono, koko kuma, wanda ake yin cakulan da shi, shansa suke da ɗacinsa. Shi kansa kokon da ake nomawa a Ondo da Gana asalinsa daga nahiyar nan ta Amurka ne.

Wanda zai gwada, dan Allah banda Milo ko Bournvita ko cakulan ɗin yara mai madara. Nemi baƙin nan mai ɗaci, ko garin koko zalla cokali biyu a tukunyar kaza ɗaya, busasshen tattasai zai ɗan maye gurbin nasu duk da ba zai kai ba. A ci da farar shinkafa.

Ita kuma dattijuwar tace saura nawa, na mata alkawarin miyar kuka, to duk mai tahowa ya taimaka min da kuka da daddawa, a ɗaure da kyau saboda 'yan kwastan.

A gaida kowa da kowa.