Asabar: Neman Kayan Zuwa Dina da Naira 30,000

Ƙarshen watan nan ne dinar ƙarshen shekara ta wurin aikinmu, kuma bana ne karon farko da aka gayyaci ƙananan ma'aikata irina. A wani babban otal za a yi, manyanmu na Legas duk za su zo. Katin gayyatar ya fayyace irin shigar da ake so: baƙar kwat da laktaye, ko kuma cikakkun kayan gargajiya. A wurinmu nan Kano kowa ya san abin da ake nufi da cikakkun kaya, wato babbar riga da 'yar ciki da wando da hula. Ba wurin kaftani ba ne.

Da safe bayan na karya na zauna na yi lissafi. Albashina bai ɗara mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da wani abin kirki ba. Da na cire zubin adashe, da kuɗin maganin Umma, da na makarantar ƙanwata, da na mota, abin da zan iya warewa ba tare da na taɓa na cefane ba naira 30,000 ne. Ina son in je wurin nan da mutuncina. Mutanen da kullum suke ganina a bayan tebur da 'yar shat, a ranar za su ga yadda nake idan na fito taro, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Na hau adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari tun kafin rana ta yi zafi. Kasuwar a cike take kamar kullum, 'yan dako da diloli a ka suna ta "hanya, hanya", ga fataken Nijar da Chadi da Kamaru suna ɗaure kaya. Na shiga shagon wani Alhaji da Yaya yake sayen yadi a wurinsa. Bayan mun gaisa na ce shadda nake so, yadi 10, ta babbar riga. Ya sa yaronsa ya sauko da Getzner, wadda ake yi a Ostiriya, ya warware mini bakinta. Ƙyallinta ba ya kashe ido, tana da nauyi a hannu, kuma in ka matse ta ka saki sai ka ji tana wani ƙara mai daɗi. Da ya faɗi kuɗin na yi shiru. Ya haura albashina na wata gaba ɗaya, ba a zo maganar ɗinki da aikin wuya ba.

Ba laifinsa ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, duk abin da ake shigo da shi da dala ko yuro sai da ya yi tashin gwauron zabi. Mu kuwa kusan duk abin da muke sawa daga waje yake zuwa. Baffana ya yi aiki a masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002, kuma har yau in ana hirar tsadar tufafi sai ya girgiza kai ya ce da audugarmu muke yin suturarmu. Yau a shagon nan na tuna da maganarsa.

Alhaji ya sa aka kawo 'yar Chana. Daga nesa ba ka bambance su, har ma ta fi ɗaukar ido. Amma shi da kansa ya ce mini, "Ɗana, gaskiya ɗaya ce. Wannan wanki biyu ne ƙyallin ya tafi. In na dare ɗaya kake so, za ta fitar da kai kunya." Ko ita ɗin, in na saya na kai ɗinki da aiki, kuɗina ba za su kai ba. Sai ya ce in ɗauki mai kyaun, in riƙa biya a hankali, ai ya san gidanmu. Na gode masa sosai, don karamci ne ya yi mini. Amma ban karɓa ba. Ina ganin abokan aikina da suka ci bashi saboda ankon biki, wata uku suna kauce wa layin mai shago. Ba zan sayi kwalliyar awa huɗu da kwanciyar hankalin wata huɗu ba.

Daga nan na taka zuwa Ƙofar Wambai wurin 'yan gwanjo, in gwada sa'ar kwat. Ni ban taɓa ganin abin kunya a gwanjo ba. Rigunan sanyin da muka tashi da su duk daga nan ne, kuma sau da yawa sun fi sabbin kanti ƙarko. Wani matashi ya zaro mini baƙar kwat daga cikin waɗanda ya rataye, ya ce jiya aka fasa dilar. Yadin mai kyau ne, shafin cikin bai yage ba, maɓallan duk suna nan. Na saka. Kafaɗar ta zarce tawa, hannun ya rufe mini yatsu. Tela yana iya rage hannu da tsawon wando, amma kafaɗar kwat in ba ta zauna ba, sai an kwance rigar kusan gaba ɗaya, kuma ba kowane tela ne ya iya ba. Ga kauri, don mutanen ƙasar sanyi aka ɗinka wa. Na lissafa abin da zai biyo baya: farar shat mai kyau, laktaye, baƙin takalmi sau-ciki, kuɗin wanki da guga. Kafin ka ankara an wuce 30,000. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bayan dinar ina zan sake sa ta? Ba zan je ɗaurin aure da kwat ba, ba zan je Idi da ita ba. Na cire na miƙa masa, na ce Allah Ya kawo kasuwa.

A hanyar gida wani abokina ya kira, da na gaya masa inda na fito sai ya ce in daina wahalar da kaina, in zo in ɗauki rigar angwancinsa. Na ji daɗin tayin. Sai dai ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, kuma rabin mutanen ofis sun halarci bikinsa, hotunan rigar suna wayoyinsu. Ko ba wannan ba, wurin cin abinci za a je. In miya ta ɗiga a rigar auren mutum, da wane ido zan kalle shi?

Na iso gida ana kiran azahar, ƙafafuna duk ƙura. Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ba ta labari tun daga Kwari har tayin aron. Ta ce, "Gara da ka ƙi. Kayan aro ba ya rufe katara." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Wai ina farar rigar da yayanka ya ba ka? Wadda ya ɗaura aure da ita?"

Tana ƙasan akwatina. Na daɗe da cire ta daga lissafi, saboda farin ya koma ruwan madara, wuyan 'yar cikin ya yi ja saboda gumi da turare, ga wani tabon goro a gaban rigar da ya ƙi fita. Umma ta shimfiɗa ta a tabarma, ta ɗaga gefe ɗaya ta duba a rana, ta ja yadin da hannu biyu. Ta ce, "Shaddar nan ba ta mutu ba, launinta ne ya gaji. Mu a da farar shadda rai biyu gare ta. In ta tsufa a fara, sai a kai ta marina ta dawo sabuwa. Tashi ka kai ta."

Bayan la'asar na nannaɗe kayan a leda na nufi Ƙofar Mata. Shekarar 1498 ce rubuce a ƙofar marinar, kuma duk da ramuka da yawa sun bushe babu mai aiki a cikinsu, akwai dattawan da suke zaune a bakin nasu, suna tsoma zane suna ɗagawa. Na tsaya kallon wani. Zanen yana fitowa daga ruwan kore-kore, yana shan iska sai ya riƙa juyewa shuɗi a gaban idonka. Ruwan baba ne da toka, sai ya yi kwanaki yana tsima kafin a fara rini da shi.

Na gaishe da dattijon na durƙusa na kwance ledar. Bai yi maganar kuɗi ba tukuna. Ya juya rigar ciki waje, ya nemo bakin zaren aikin wuyan, ya tsinko ɗan guntu. Ya ce yaro ya miƙo ashana. Ya kunna ya kara zaren a wutar, zaren ya ci ya zama toka mai laushi, ya murje ta da yatsa. Ya ce, "Ka yi sa'a, samari. Zaren auduga ne, zai sha rini tare da rigar. Da na roba ne da ka ga ya narke ya dunƙule, kuma da an rina sai rigar ta yi duhu aikin ya tsaya fari fat." Ban taɓa sanin haka ba, kuma na ga rigunan mutane da suka fito a haka ban gane dalili ba.

Na ce, "Baba, a ramin nan za a tsoma ta?" Ya ce a'a. Rinin baba yana da kyau, amma sabonsa yana zuba, zan dawo daga taro da shuni a wuya da hannu, in kuma na jingina da farar kujera in bar musu shaida. Shadda irin wannan rinin zamani ya fi dacewa da ita, kuma ɗansa yana yi a nan kusa. Ya ba ni shawarar shuɗi mai duhu sosai, don shi ne zai haɗiye tabon goron da jan wuyan, launi mai haske ba zai ɓoye su ba. Ya ƙara da abu biyu. Riga da 'yar ciki da wando a tukunya ɗaya za a tsoma su lokaci ɗaya, in ba haka ba kowanne da irin shuɗinsa zai fito. Sannan duk gyaran da tela zai yi, a yi shi kafin rini, kuma in ce masa da zaren auduga.

Daga inda muke ina jin sautin masu bugu. Na leƙa rumfarsu. Su biyu ne zaune suna fuskantar juna, gungumen itace a tsakaninsu ya yi sulɓi saboda shekaru, kowanne da ƙatuwar taɓarya gajera a hannu. An sa wa shaddar sitati, an yayyafa mata ruwa, an ninke. Wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, ba sa karo, ba sa kallon juna, suna ma hira. Ɗayan yana jan yadin kaɗan-kaɗan da hannun hagu. Inda aka buga sai ka ga ya kwanta yana sheƙi, inda ba a kai ba yana nan a dushe. Dutsen guga ba ya ba shadda wannan ƙyallin. Na daɗe a tsaye ina kallo, raina ya yi fari, don na hango yadda tawa za ta fito.

Mun yi ciniki da ɗan dattijon, rini da sitati da bugu, bai kai rabin kuɗina ba. Na ba da kafin alƙalami, na ce zan kawo kayan da zarar tela ya gama.

Kafin magariba na biya wurin telanmu na unguwa. Yaya ya fi ni jiki, don haka za a rage ƙugun wandon da tsawonsa, a ɗan matse 'yar cikin, a sake maɓallan hannu. Babbar rigar ba za a taɓa ta ba, faɗinta shi ne kyanta. Na jaddada masa maganar zare har sai da ya yi dariya ya ce ya ji. Ya yi alkawarin Talata. Lokacin biki ne, ɗinki ya yi masa yawa, don haka zan riƙa leƙa shi kullum in na taso daga aiki.

Hula ba sai na saya ba. Zanna bukar ɗina mai ruwan toka da ratsin shuɗi za ta hau, wanki kawai take so, gobe zan kai wa masu wankin hula su ɗora ta a gungume ta miƙe. Takalmina na fata baƙi yana nan lafiya, dunduniyar ce ta ɗan cinye, mai gyaran takalmi na bakin titi zai sa mata sabuwa ya goge.

Da dare na kira Yaya na gaya masa abin da zan yi da rigarsa, don bai kamata ya gan ta shuɗiya a hoto ba tare da ya sani ba. Ya ce ai tawa ce, in yi yadda nake so, amma in tabbata na koyi naɗa hannun riga a kafaɗa kafin ranar, kada in je ina ta fama da ita a gaban manya. Zai zo ranar Juma'a ya nuna mini. Na sake lissafi yanzu: bayan rini da tela da hula da takalmi, zai rage mini abin da zan sayi ɗan turare a Kurmi, in kuma ɗauki shatar adaidaita zuwa otal ɗin, don babbar riga mai sitati ba ta son cunkoso. Umma ta ce in karɓo mata ragowar yadin da tela zai yanke daga wandon, a rina shi tare, tana so ta yi wa jikanta 'yar hula.